Takardar Mutum Ɗaya

Wautar farko da na tafka a Italiya ita ce na ba Baba shanu talatin da bai taɓa mallaka ba.

A wani ofis ne inda ake taimaka wa baƙi cika takardu. Baba ya daɗe a ƙasar, amma Italiyancinsa bai wuce gaisuwa da "to" da "gobe" ba. Ni kuwa 'yan watanni na yi a makarantarsu bakina ya buɗe, har malamai suka fara da-na-sanin koya mini. Shi ya sa na zama tafintansa. Matar ofishin, wata siririya mai tabarau rataye a wuya, ta tambayi abin da Baba ke samu. Baba ya faɗa mini albashinsa ƙasa-ƙasa, kamar mai gaya wa likita ciwon da ba a faɗa cikin mutane. Na ji kuɗin sun yi mini kaɗan a baki, sai na ƙara musu gishiri. Na ce ban da albashi, a gida yana da shanu talatin, da gonar gero wadda in ka shige ta da hantsi sai la'asar za ka ga ƙarshenta, da raƙumi guda da ba ya cin komai sai dabino.

Ta saurare ni har na ƙare, biro a hannunta, ba ta ɗiga ko ɗigo ba. Sannan ta ce, "Shanun nan, suna ba shi takardar albashi?"

"Mi tac ce?" in ji Baba.

"Tana gaida shanunka."

"Waɗanne shanu?"

Bijimai biyu muke da su na huɗa, su ma 'yan bindiga sun kora su tun kafin in baro gida. Baba ya dube ni, ya dubi matar, ya gane. Muka fito titi. Ya ce, "Wanga wuri ba kasuwar Sabon Birni ba na. In ka sake ƙara mini ko akuya guda, za ni mai da kai gida." Ya san ba ya iyawa, ni ma na sani.

Sunana Nasiru, ɗan Gatawa ne ni. Baba ya bar gida ina ƙarami, ya bi ta Agadas da Libiya, ya ƙare a wani gari na arewacin Italiya inda ba a sana'ar komai sai jimar fata. Garin duka wari yake yi, har burodinsu. Da ya samu takardun zama, doka ta ce yana iya ɗauko iyalinsa, amma kowane kai da mizaninsa. Sai abin da ka samu a shekara ya kai wani wuri kafin a ba ka mutum ɗaya, in kana son na biyu mizanin ya ƙara hawa. Albashin Baba mutum ɗaya ya iya ɗauka. Mu kuwa biyu ne, ni da Inna, don ƙannena uku da aka haifa bayana ba wanda ya kai yaye.

Inna ce ta ce a ɗauki yaron. A lokacin ana tare samari a hanyar gona, wasu su dawo, wasu shiru, kuma in na cika sha takwas ƙofar ta rufe mini. Ba ni ta gaya wa ba. Ni ɗan fari ne, tun da nake ba ta taɓa kiran sunana ba, kuma ba ta yi mini magana kai tsaye. Sai dai ta dubi bango ta ce, "A hwaɗa wa wancan tuwo na hucewa," alhali daga ni sai ita sai kaji a tsakar gidan. Bayan na taso ta bar Gatawa, ta koma cikin garin Sabon Birni gidan ƙanenta, Kawu Lawali, don ƙauye ya daina kwanuwa.

Maganar ɗauko Inna ce ta kai mu ofishin nan. Matar ta ce abu uku ake so: takardar aure, da ɗakin da aka auna aka ga ya ishi mutum uku, da samun shekara guda a rubuce. Ta ja layi a kan farar takarda, ta ɗiga ɗigo a ƙarƙashinsa. Layin shi ne mizani, ɗigon shi ne Baba. Tsakaninsu bai fi faɗin yatsa ba. Na ce wa Baba, "Ai ɗan kaɗan ya rage." Ya ce, "Kai ma ɗan kaɗan ya rage ka yi hankali, ga shi har yau."

Muka fara da ɗaki. Ɗaki ɗaya ne da falo da ɗan madafi, a hawa na uku. Mu uku muke kwana ciki: ni, Baba, da Jaɓɓi, wani Bafillace ɗan Tozai da suka haye teku tare da Baba cikin kwale-kwale guda. Jaɓɓi dogo ne, in ya miƙe a katifa ƙafarsa na falo, kansa na madafi yana gadin tukunya. In sunansa na cikin gidan, wurin Inna ya cike. Ba wanda ya iya gaya masa. Baba ya kwana biyu yana kewaya maganar kamar mai kewaya rijiya. Ran Asabar muka dawo daga masallaci muka tarar ya ɗaure kayansa cikin buhun shinkafa.

"Ina za ka, Jaɓɓi?" in ji Baba.

"Ɗaki na mai mata na, Ila," in ji shi. "Ni da Sanagalawan can mun daidaita. Su shida na, in na shiga mun zama bakwai, sanyi ya shiga uku."

Ya bar mana butar shayinsa, wai ba shi da wurin aje ta. Bayan sati wani mutum ya zo daga hukumar gari da wata 'yar na'ura mai fitar da jan haske. Ya auna bango, ya auna taga, ya auna har makewayi. Na tsotse cikina na manne da bango don kada in ci wuri. Ya rubuta: mutum uku. Baba ya sa takardar cikin leda, ledar cikin wata leda, ya tura ƙarƙashin katifa.

Sai maganar samu. Baba yana sashen da ake fitar da fatu daga cikin manyan ganguna masu juyawa, jiƙe da magani, nauyinsu kamar gawar jaki. Yana yin awoyi fiye da na kowa. Matsalar ita ce shugaban sashensu, wanda suke kira Kafo, awoyin ƙa'ida kawai yake sawa a takardar albashi. Na ƙari kuwa sai ya ba su cikin ambulan, hannu da hannu, a bayan ganguna. Shekara da shekaru Baba yana ganin wannan a matsayin alheri, har addu'a yake yi wa mutumin, wai yana tsare shi daga haraji. Sai yanzu muka gane duk abin da ya shigo ta ambulan, a wurin hukuma bai taɓa faruwa ba. Baba ya yi shekaru yana aikin aljanu.

Na raka shi wurin Kafo. Wani ƙato ne mai jan wuya, yana taunar cingam kamar akuya ta samu leda. Na fassara masa roƙon Baba, wannan karon ban ƙara ko gishiri ba. Ya dafa kafaɗar Baba ya ce, "Don matarka? Ba matsala, abokina." Ƙarshen wata awoyin suka fito a takarda, amma rabinsu. Sauran rabin ba su fito a takarda ba, ba su kuma fito a ambulan ba. Da muka koma ya ce haraji ne ya cinye. Baba ya ce mini, "Ka ce mai mun gode." Na ce masa mun gode da Italiyanci, na bi shi da wata magana da Hausa wadda ba za ni rubuta ta nan ba. Ya yi murmushi ya ce, "Ba komai."

Ɗigon ya ɗan motsa, bai kai layi ba.

Wata Lahadi muka shiga wani shagon kayan Afirka a bayan tashar jirgin ƙasa neman kuka da daddawa. Mai shagon wata ƙatuwar mata ce da ɗankwali kamar rufin rumbu. Ta ɗago kai ta ga zanen Gobirawa a kumatun Baba, sai ta aje abin da ke hannunta, ta ce da Hausa tas, "La ilaha illallahu! Wa ya saki bawana a Turai ba igiya?"

Na ɗauka faɗa za a yi. Sai na ji wani sauti da ban taɓa ji ba tun da na sauka ƙasar: Baba yana dariya.

"Bayaraba!" in ji shi. "Har nan kunka biyo mu? Ke wa yab ba ki izinin buɗe shago ba ki gaida ubangijinki ba?"

"Rufe mini baki, Bagobiri. Dubi fuskarka kamar kaza ta yi tono."

Mama Risi ke nan. A Ƙauran Namoda aka haife ta, ubanta yana aikin jirgin ƙasa. Wasan da ke tsakanin Gobirawa da Yarbawa ta ɗauko shi cikin akwati har Italiya, shekara da shekaru ba ta samu wanda za ta zazzage wa ba. Ta zage mu tas, ta ba mu kujera, ta ba mu lemo, ta tatsi labarinmu duka kafin mu shanye. Ita ce ta gaya mana abin da ba mu sani ba: in ɗa yana zaune gida ɗaya da ubansa, abin da ya samu a rubuce ana haɗa shi da na uban.

"Wannan mai bakin shekararsa nawa?"

"Sha shida," na ce.

"Yana iya ɗaukar buhu, ko bakin ne kawai?"

Ta ɗauke ni a matsayin mai koyon aiki, da kwantiragi, da sa hannu, da komai. Da ta so, da ta samu yaro mai karɓa a hannu da rabin abin da take kashewa a kaina. Da Baba ya fara yi mata godiya sai ta ce, "Kada ka ɓata mini suna. Bayi nake tarawa." Na rage zuwa makaranta, sai kwanakin da doka ta tilasta. Ban ji zafin haka ba sosai. Dama lissafi bai taɓa ƙaunata ba.

Na ɗauki doya, na ɗauki manja, na ɗauki busasshen kifi har karnukan unguwa suka fara raka ni gida. Baba na warin fata, ni ina warin kifi, in muka shiga bas tare sai mu samu kujeru huɗu mu kaɗai. Ba na jin daɗi, ba na jin baƙin ciki. In tashi, in ɗauki kaya, in aje kaya, in ci taliya da manja, in kwanta. Wani lokaci ina tsakiyar jera gwangwanin tumatir sai in tuna ƙamshin fura da Inna ke damawa da rana, in tsaya riƙe da gwangwani har Mama Risi ta jefo ni da albasa.

A watan takwas masana'antu kan rufe, kowa ya tafi hutu. Baba ya tafi gida neman takardar aure, don aurensu da Inna goro ne da alawa da shaidu, rabin shaidun ma sun rasu. Ya kai Inna kotu a Sakkwato, aka sake ɗaura musu aure a gaban wani magatakarda mai mura. Ya yi kusan wata a Sabon Birni. Ya dawo da kilishi, da takarda mai hatimi, da wata sabuwar hula. Mama Risi ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Ango ka sha ƙamshi. Wannan hular ta kotu ce ko ta ɗaki?" Baba ya ce shi bai san wannan irin magana ba, ya fita duba wani abu a waje inda babu komai.

Daga nan sanyi ya shigo, kuma waya ta yi wuya. Wani lokaci a ɗauke sabis a gida gaba ɗaya saboda 'yan bindiga, sai an hau soron Kawu Lawali da layin Nijar ana ɗaga hannu sama kamar mai roƙon ruwa. In an dace, ranar Lahadi mu ga fuskar Inna. Ni ke riƙe wayar kullum. Maganin jima ya cinye yatsun Baba, sun yi kanta sun tsattsage, gilashin waya ba ya gane su a matsayin yatsu. In ya taɓa, ko dai ba abin da zai faru, ko ya kira wani mutum a Libiya. Don haka sai in zauna gefensa a bakin katifa, in miƙa hannu, in zama sanda.

Hirar tasu ba ta canzawa.

"Ya gida?"

"Lahiya lau."

"An ji harbi?"

"Nesa na. Wajen Turba anka ce."

"Kina cin abinci?"

"Ina ci."

Fuskarta kawai muke gani cikin hijabi, rabi ma goshi ne, don ba ta iya riƙon waya ba ita ma. Sau biyu ko uku takan yi shiru, sannan ta ce, "Wancan yana nan?"

"Ga shi nan, shi ad da wayar."

"To."

"Akwai magana?"

"Babu. Dama kajin nan na, sun yi ƙwai."

Ni kuwa sai in cusa kaina cikin hoton in ce a gaida kaji, a ce musu Turai na gaishe su. Sai ta kau da kai ta ce wa bangon soro, "A hwaɗa wa wancan ya sa rigar sanyi."

Da sanyi ya fara ja da baya, takardun shekara suka fito, tawa da ta Baba. Muka kai wa matar ofis. Ta sa tabarau, ta danna na'urar lissafi, ta sake dannawa. Ta jawo farar takarda ta ja layi, ta ɗiga ɗigon a kansa daidai, kamar tsuntsu a kan waya. Da a ce na yi mura na kwana biyu a shekarar nan, da ba mu kai ba. Ta tura takardun, ta ce sai mu jira.

Baba bai yi murna a fili ba. Amma ya sayi tukunya babba, da labule, da wani madubi. Ya hana ni taɓa madubin, wai kada in tsufar da shi. Jaɓɓi ya zo ya duba labulen ya ce ya yi, sai dai launinsa na zawarawa ne.

Wata Lahadi da hantsi a watan biyar waya ta yi ƙara. Ba Inna ba ce, Gwaggo Hajo ce, yayar Baba. Ina ɗauka ta rangaɗa guɗa har wayar ta yi rawa a hannuna.

"Barka, Ila! Barka da arziki! Mace ta!"

"Barkar mi, Yaya?"

"Kai ji mini mutum. Matarka ta haihu da asuba. Ɗiya mace, ƙatuwa, da gashi awa na Larabawa. Lahiya lau, ita da uwar."

Baba ya ce, "Wace matar?"

"Mata nawa gare ka?"

Sabis ya ɗauke. Baba ya zauna a kan bokitin wanki da ke kife. Na ga yana lanƙwasa yatsu ɗaya bayan ɗaya, daga watan takwas. Ya ɗago ya ga ina kallo, sai ya tura hannun cikin aljihu. Ya ce, "Alhamdu lillahi." Ya sake cewa, "Alhamdu lillahi," wannan karon yana kallon labule. Ni na rasa abin yi, sai na dafa shayi a butar Jaɓɓi, na zuba gishiri a maimakon sukari, muka shanye a haka.

Matar ofis ta miƙe tsaye ta yi mana barka, har da riƙe hannun Baba da hannu biyu. Sannan ta zauna ta jawo farar takarda. Na tsani farar takardar nan. Ta ja sabon layi sama da na da, ta bar ɗigon inda yake. Ta ce yanzu mutum biyu ne za su zo, ba ɗaya ba. Kuma ɗakin an rubuta masa mutum uku.

Na ce mata, "Jaririya ce fa. Ba ta kai girman burodi ba. Cikin tukunya ma sai ta kwana."

Ta ce ta sani. Ta ce takardar Inna za ta fito, tunda an riga an tura. Abin da wasu ke yi shi ne uwar ta taho, a bar jaririn wurin dangi, in samu ya ƙaru a nema masa daga baya. Shekara ɗaya, ko biyu. Ba ta dube mu ba lokacin da take faɗin haka.

Mama Risi da ta ji, ta aje wuƙar da take yanka kifi. Ba ta zagi kowa ba, abin da ya ba ni tsoro ke nan. Ta ce wa Baba, "Wata tara mace na ɗauke da ciki, kai ba ka sani ba. Wa ke riƙe maka waya?" Baba ya nuna ni da haɓa. Ta dube ni, ta dube shi. Ta ce, "Gobirawa. Allah Ya ba ku lafiya."

Bayan suna aka samu sabis. Na zauna a bakin katifa na miƙa hannu yadda na saba. Baba ya ce, "Jingina ta ga gwangwanin sukari, ka hita." Na jingina, na fita, na zauna a kan matakala. Ƙofar gidanmu kwali ce aka shafa wa fenti. Ko sauro ya yi tari a ciki ana ji.

"Mi ya hana ki hwaɗi?" in ji Baba.

"Da wane baki? Yaron na riƙe da waya."

"Ki aiko Lawali mana."

"In hwaɗa wa ƙanena? Haba, Malam." Sannan ta ce, "Kuma ukun can da sunka rasu duk da wuri na hwaɗi. Na ce wagga in yi shiru in gani."

Na ji kukan jaririyar, ƙarami, kamar ana murza ƙofa. Baba ya yi gyaran murya ya fi sau nawa. Sannan ya jero mata abin da matar ofis ta ce, a hankali, yana zaɓen kalmomi. Ya ce Yaya Hajo na iya riƙe ta. Ya ce akwai madarar gwangwani. Ya ce shekara guda ba ta da yawa. Ya ce Sabon Birni ba lafiya, jiya ma ya ji an tare hanyar Isa, kuma takardar nan in ta mutu sai an sake komai daga farko.

Inna ta bar shi ya gama.

"Na ba jirgi ɗaya," in ji ta. "Ba ni ba da wagga, ba ni kuma barin ta."

"Ki yi tunani."

"Na yi. Wata tara ina yi."

Na ɗauka sabis ya tafi. Sai na ji ta ce, ƙasa-ƙasa, "Yana cin abinci kuwa? Na ga wuyanshi ya yi tsawo."

"Yana ci. Ya hi ni ci."

"A rage mai ɗaukar kaya. Ƙashinshi bai ƙosa ba."

Ina zaune a kan matakalar. Na jira in ji wani abu, kuka ko haushi, ko ma dariya. Ba abin da ya zo. Wata tsohuwa 'yar hawa na huɗu ta sauko da karenta, na matsa musu suka wuce, karen ya shinshina ni ya yi atishawa. Da Baba ya buɗe ƙofa ya miƙo mini wayar, bai dube ni ba, ni ma ban dube shi ba. Ya ce in duba ko ta kashe, don shi in ya taɓa Libiya za ta kira.

Takardar Inna ta iso a watan bakwai, da sunanta da hatimi, mutum ɗaya. Wata shida take da rai. Baba ya sa ta cikin leda, kuma a can ta mutu. Inna tana Sabon Birni gidan Kawu Lawali, jaririyar da aka sa wa suna Hauwa'u ta fara rarrafe, ban taɓa ganinta ba sai a waya. Muna neman gida mai ɗaki biyu, kuma mun fara tara sabuwar shekara.